Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tattaki ta Ɗaliban Jami'a da Za Ta Rayu Bayan Waɗanda Suka Kafa Ta

Ƙungiyar ɗalibai masu tattaki a daji da hawan duwatsu tana da wata matsala da sauran masu wannan sha'awa ba su fama da ita, wato cikin shekara uku ko huɗu duk wanda ke cikinta zai kammala karatu ya kama gabansa. Wanda ya san inda hanya ta rabu biyu a bayan tsauni, da wanda ya iya ɗinke tanti idan ya yage, da wadda ta san yadda ake shawo kan ofishin kula da harkokin ɗalibai har ya ba da mota, duk za su tafi, kuma idan ba a yi tanadi ba za su tafi da abin da suka sani. Duk da haka akwai irin waɗannan ƙungiyoyi da suka haura shekara 100 suna raye. Ta masu hawan duwatsu a Jami'ar Cambridge da ke Ingila ta soma a 1905, ta Oxford ta biyo baya a 1909, kuma a wannan shekarar ce wani ɗalibi mai suna Fred Harris ya assasa Dartmouth Outing Club a Amurka, wadda har yau ɗalibanta ke kula da wani yanki na doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian. A Indonesiya kuwa irin wannan ƙungiya mai suna Mapala ta Jami'ar Indonesiya tana nan tun 1964. Mambobin waɗannan ƙungiyoyi sun sauya gaba ɗaya sau da dama, amma sabon shiga na yau yana iske tsari da ɗabi'u da aka gada daga mutanen da bai taɓa gani ba. Mai son kafa irin wannan ƙungiya, ko farfaɗo da wadda ta yi sanyi, ya kamata tun ranar farko ya riƙa aiki da tunanin cewa shi ma wata rana zai tafi ya bar ta.

Farawa

Mutum biyar ko shida sun isa a fara, amma a yi ƙoƙari kada dukkansu su zama 'yan aji ɗaya. Ƙungiyar da abokai 'yan shekarar ƙarshe suka kafa takan yi armashi ƙwarai na wata tara, sannan ta mutu ranar bikin yaye su. Idan cikin shidan akwai biyu 'yan shekarar farko ko ta biyu, an riga an sami waɗanda za su karɓa. Kafin a rubuta ko da takarda ɗaya, a fita tattaki sau uku ko huɗu a kusa, a hanyar da ba ta wuce kilomita 8 zuwa 10 ba, wadda za a iya zuwa a dawo kafin la'asar. A nan ne ake gane wanda ke zuwa a kan lokaci, da wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, da wanda ke waiwayawa ya duba na baya ba tare da an ce masa ya yi ba. Wannan na ƙarshen shi ne jagoran gobe, ko da kuwa shi ne mafi shiru a cikin taron.

Bayan haka sai a nemi rajista da hukumar jami'a. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne, amma ƙungiyar da jami'a ta san da ita ce ke samun ɗakin ajiye kaya, da izinin manna sanarwa, da takardar gabatarwa idan za a shiga gandun daji na gwamnati, kuma a wuraren da ake da tsarin inshora ta nan ake shiga cikinsa. A nemi malami guda ya zama uban ƙungiya, wanda ba lallai ne ya iya hawan dutse ba, muddin zai daɗe a jami'ar fiye da kowane ɗalibi kuma zai amsa waya idan aka kira shi. Kundin dokoki ya zama gajere, shafi biyu ko uku, domin wanda ya kai shafi 30 ba mai karanta shi. Ya bayyana yadda ake zaɓe, da wanda ke sa hannu a fitar da kuɗi, da sharuɗɗan zama jagoran tafiya, da dalilan da za su sa a dakatar da mamba. Muƙamai huɗu sun wadatar da farko: shugaba, sakatare, ma'aji, da mai kula da kaya. Yawan muƙamai a ƙaramar ƙungiya ba ya haifar da komai sai jayayya a kan wanda ya fi wani.

Abin da ya fi kowace doka tasiri shi ne tsayayyen lokaci. A zaɓi rana ɗaya a mako ko a kowane mako biyu, da wurin haɗuwa ɗaya, da sa'a ɗaya, a riƙe su ko mutum uku ne suka zo. Ɗalibin da ya ɓace wata biyu saboda gwaji da aikin aji zai dawo idan ya tabbata cewa ranar da ya sani da wurin da ya sani ba su sauya ba, alhali idan sai ya bi saƙonni ɗari a zauren WhatsApp kafin ya gane inda aka kwana, zai haƙura. A tsara jadawalin zangon karatu gaba ɗaya tun makon farko: gajerun tafiye-tafiye a farko, guda ɗaya ta kwana a tsakiya, hutu a makonnin jarrabawa, sannan babbar tafiya bayan an ajiye alƙalami.

Tsara hanya

Yawancin wahalar da ayari ke sha ana ƙulla ta ne tun a kan tebur, lokacin da aka dubi taswira aka ce ai wannan kusa ne. Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Scotland, William Naismith, ya fitar a 1892, wanda har yanzu da shi ake farawa: a ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Idan hanya kilomita 12 ce kuma za a hau mita 600, lissafin zai ba da kusan awa uku da rabi. Sai dai Naismith ya yi maganar mutum mai ƙarfi ne da ke tafiya a hanya mai kyau ba tare da tsayawa ba, ayarin ɗalibai 15 kuwa, wanda rabinsu ba su taɓa goya jaka sun hau gangare ba, sai an ƙara masa sulusi ko ma rabin wannan lokaci, sannan a ƙara na hutu da na cin guzuri. Tafiyar awa uku da rabi ta koma ta awa biyar zuwa shida ke nan. Daga nan sai a duba lokacin faɗuwar rana, a ja baya da awa biyu na ko-ta-kwana, abin da ya rage shi zai nuna ƙarfe nawa ya kamata a tashi.

Kada a kai sababbin shiga hanyar da babu wani a cikin jagorori da ya taka ta da ƙafarsa. Mutum biyu ko uku su je leƙe mako ɗaya ko biyu kafin ranar, su lura da inda ruwa yake, da inda waya ke samun sabis da inda ba ta samu, da inda za a iya yanke tafiyar a sauka zuwa titi idan wani ya ji ciwo. Taswirar waya tana da amfani sosai, musamman idan an sauke ta tun daga gida yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba, amma batir na ƙarewa, kuma sanyi da neman sabis suna ƙara cinye shi. Saboda haka kowane jagora ya iya karanta taswirar takarda da kamfas mai nuna arewa, ya san cewa inda layukan tudu suka matsu da juna gangare ne mai tsini, inda suka buɗe kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. A kuma raba tafiye-tafiyen ƙungiya zuwa matakai uku, mai sauƙi da matsakaiciya da mai wuya, a faɗi gaskiya a cikin sanarwa. Wanda aka ce masa yawon shan iska ne sannan ya tsinci kansa yana rarrafe a kan dutse ba zai sake dawowa ba, kuma zai hana abokansa zuwa.

Abubuwa biyu ne ba a tashi sai an kammala su. Na farko shi ne lokacin juyawa, wato sa'ar da aka amince tun kafin fita cewa idan ta cika za a juya, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Ana tsayar da shi ne a gida, lokacin da hankali ke kwance, domin a kan dutse, sa'ad da ƙololuwa ke gaban ido kuma kowa na cewa saura kaɗan, da wuya a sami mai yanke hukunci na gaskiya. Na biyu shi ne takardar tafiya da za a bar wa wani amintacce wanda ba ya cikin ayarin: sunayen masu tafiya, da hanyar da za a bi, da lambar motar da ta kai su, da lokacin da ake sa ran dawowa, da lokacin da idan ya wuce bai ji komai ba zai sanar da hukuma da masu aikin ceto. Ayarin da ba wanda ya san inda ya nufa ba a fara nemansa sai washegari.

Ranar fita

A wurin haɗuwa, kafin kowa ya shiga mota, jagora ya ƙirga mutane da baki, ya rubuta adadin, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa da jaka. A nan zai ga wanda ya zo da sabon takalmi fil da ya saya jiya don wannan tafiya, wanda kafin kilomita 4 zai fitar masa da bororo a dunduniya. Zai ga wadda ta riƙo ƙaramar gorar ruwa guda a hannu don tafiyar wuni. Zai ga mai wandon jins, wanda idan ruwan sama ya jiƙa shi zai yi nauyi ya ƙi bushewa har dare. Mai sabon takalmi a manna masa filasta a dunduniya tun kafin a fara, mai gora ɗaya a ƙara mata daga na ƙungiya, amma wanda shirinsa bai dace da tafiya mai wuya ba a gaya masa cikin mutunci ya bari sai ta gaba. Abin da ake bukata a jakar kowa bai da yawa: ruwa da aka ƙiyasta kimanin rabin lita ga kowace awa ta tafiya, fiye da haka idan ana zafi, da guzuri har da ɗan ƙari, da rigar ruwa, da rigar sanyi, da hula, da tocila, da usur. Jagora ya ƙara da akwatin taimakon gaggawa da taswira, ya kuma tambayi kowa a keɓe ko yana da asma ko ciwon suga ko wata lalura, ya tabbatar maganin yana jakar mai shi.

Ayari yana tafiya ne da jagora a gaba da mataimakinsa a can baya, kuma doka ce ba mai wuce na gaba, ba kuma wanda na baya zai bari a bayansa. Saurin ayari shi ne saurin mafi rauni a cikinsa. Wannan magana kowa na amincewa da ita a baki, amma dubi abin da ke faruwa a wurin hutu: masu ƙarfi sun iso sun zauna minti goma sun sha ruwa sun yi hoto, sai ga ta ƙarshe ta iso tana haki, ba ta ko sauke jaka ba sai wani ya miƙe ya ce to mu je. Wadda ta fi kowa bukatar hutu ita ce ba ta samu ba, kuma haka za a yi ta yi har ƙafarta ta fara rawa a gangare, inda targaɗe ya fi aukuwa. Gyaran mai sauƙi ne. Ana fara ƙirga lokacin hutu daga isowar mutum na ƙarshe, kuma jagora mai lura yakan ɗauko mai jan ƙafar ya sa shi a bayansa kai tsaye, domin wanda ke gaba-gaba ba ya karaya kamar wanda ke hango bayan mutane suna yi masa nisa. A kowace mararraba a tsaya sai kowa ya hallara, a sake ƙirgawa.

Yanayi ne ke sauya tafiya mai daɗi ta koma ta neman tsira, don haka a duba hasashensa daren tafiya da kuma safiyar ranar. A ƙasa mai zafi a tashi da sassafe, a nemi inuwa da tsakar rana, kuma duk wanda ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwa. Idan ya fara ruɗewa ko maganarsa ta daina kan gado, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita a nemi asibiti nan take. A kan tsauni kuwa sanyi ne ke yaudarar mutane, domin zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa, kuma jiƙaƙƙen tufafi da iska mai ƙarfi suna iya sa zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35 ko da babu ƙanƙara a wurin. Idan an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa, kowane daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ne. Idan ta matso a sauka daga ƙololuwa da doron tsauni, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Rafi mai gudu da ya wuce gwiwa ba a tsallaka shi, ko da da safe an ratsa shi yana idon sawu. Sama da mita 2,500 kuma ƙarancin iska na iya kwantar da mafi ƙarfin 'yan ƙungiya, kuma maganinsa na farko shi ne a daina hawa, idan abin ya ƙaru a sauka.

Juyawa ba tare da an kai ga ƙololuwa ba shi ne hukuncin da ya fi yi wa matashin jagora nauyi, musamman idan waɗanda yake jagoranta abokan ajinsa ne ko sun girme shi. Ƙungiya ce za ta sauƙaƙa masa, ta hanyar mayar da shi al'ada cewa maganar jagora a kan juyawa ba a musunta ta a kan dutse, sai an dawo gida a tattauna, kuma ba a yi wa wanda ya juya ba'a. Tarihin ƙungiyoyin ɗalibai yana da ranakun baƙin ciki da ya kamata sababbin jagorori su sani. A watan Janairun 1963 ɗalibai 13 na ƙungiyar hawan duwatsu ta Jami'ar Aichi da ke Japan sun rasu a kan tsaunin Yakushi, bayan guguwar ƙanƙara ta rufe su suka bi doron da ba shi ba ne wajen saukowa. Saukowa cikin hazo da gajiya ita ce lokacin da aka fi ɓata, shi ya sa ake koya wa kowa cewa idan ya ga ya rabu da ayari ya tsaya inda yake, kada ya yi ta yawo yana neman hanya. Alamar neman agaji da aka sani a duwatsun Turai da wasu wurare ita ce busa usur sau shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita, mai amsawa kuma ya busa sau uku.

Ƙasar da ake bi tana da masu ita. A nemi izini inda ake bukata, a gaida mutanen da aka tarar, a bi gefen gona, a bar kowace ƙofar shinge yadda aka same ta, kuma kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda. Duk abin da aka shigo da shi a fita da shi, har ɓawon 'ya'yan itace. Mai bukatar kewayawa ya yi nisan kimanin mita 60 daga ruwa da hanya, ya tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya rufe. Ayari ɗaya da ya bar shara ko ya bar wuta ba a kashe ba yana iya rufe wa ƙungiya hanya na shekaru, kuma waɗanda za su sha wannan hukunci ɗalibai ne da a lokacin ba su ma shigo jami'a ba.

Sababbin shiga

Makonnin farko na shekarar karatu su ne kakar ƙungiya. A Dartmouth tun 1935 ake fita da sababbin ɗalibai daji kafin a fara darasi, tsofaffin ɗalibai na jagorantarsu, kuma wannan ya zama ƙofar da yawancinsu ke shiga rayuwar makarantar. Ba kowace ƙungiya ke da ƙarfin yin haka ba, amma kowace na iya shirya tafiya ɗaya mai sauƙi, marar tsada, wadda ba ta bukatar sayen komai. Tsadar kaya ita ce ke korar ɗalibai da yawa tun kafin su gwada, don haka kuɗin farko da ƙungiya ta tara ya tafi wajen sayen jakunkuna da rigunan ruwa da tantuna na aro, riga mai tambarin ƙungiya ta jira. A kuma lura da wanda ake gani a gaba. Idan duk jagorori maza ne, ɗalibai mata kaɗan ne za su zo, waɗanda suka zo kuma ba za su daɗe ba, saboda haka tun shekarar farko a horar da mata jagorori, a kuma tsara wurin kwana da na kewayawa yadda kowa zai sami sirri da kwanciyar hankali. A tafiyar farko tsofaffin mambobi su rarrabu cikin baƙi su koyi sunayensu, domin hirar da ta ƙunshi labaran da 'yan ciki kaɗai ke ganewa tana sa baƙo ya ji shi ɗan rakiya ne.

Al'adu za su tsiro da kansu, kuma su ne ke sa tsohon mamba ya tuna ƙungiya bayan shekara 20: waƙar da ake rerawa a mota, laƙabin da ake ba mutum bayan tafiyarsa ta farko ta kwana, tsaunin da ake komawa kowace shekara, kyautar raha da ake ba wanda ya fi kowa faɗuwa a taɓo. Ƙungiyar matasa ta Wandervogel da aka kafa a Berlin a 1901 ta yaɗu ne da irin wannan haɗin tafiya da waƙa da kwanan daji, har sunanta ya ƙetara zuwa Japan, inda ƙungiyoyin tattaki na jami'o'i da dama ke amsa shi har yau. Amma akwai al'adar da ke shigowa da sunan horo alhali zalunci ce, wato a ɗora wa sabon shiga kaya fiye da ƙarfinsa, ko a hana shi ruwa, ko a wulaƙanta shi don wai haka aka yi wa na gabansa. A 1965 wani ɗalibin shekarar farko a ƙungiyar Wandervogel ta Jami'ar Aikin Gona ta Tokyo ya mutu sakamakon dukan da manyansa suka yi masa a sansanin horar da sababbi. Ma'aunin da za a auna kowace al'ada da shi shi ne ko sabon shiga na iya cewa a'a ba tare da ya rasa matsayinsa a cikin jama'a ba. Wadda ta kasa wannan gwaji a soke ta, komai daɗewarta.

Abin da ake miƙawa

Jagora ba a zaɓensa da ƙuri'a, horar da shi ake yi. Tsarin da ya fi aiki shi ne na hawa-hawa: mamba ya yi tafiye-tafiye da dama yana bi, sannan ya riƙe baya, sannan ya tsara hanya ya jagoranta alhali wani gogagge na biye da shi bai ce komai ba sai in an doshi haɗari, daga nan ne za a sa sunansa cikin jerin jagorori. Kowannensu ya sami horon taimakon gaggawa daga ƙwararru irin su ƙungiyar Red Cross ko asibitin jami'a, ya san yadda ake ɗaure targaɗe da tsayar da jini, ya kuma san cewa saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai dai a hana gaɓar motsi a gaggauta kai mutum asibiti. Doka ɗaya da nake ganin ta cancanci shiga kundin kowace ƙungiya ita ce, duk jagoran da ya shiga shekararsa ta ƙarshe ba zai sake jagorantar tafiya shi kaɗai ba, sai da wani na ƙasa da shi da yake koya wa. Gogaggu ba sa son wannan, domin yin abu da kai ya fi sauri, kuma akwai daɗi a ce kai kaɗai ka san hanya.

Sai littafin tafiye-tafiye, wanda a ganina ya fi duk tantunan ƙungiya daraja. Bayan kowace fita wani ya rubuta rana, da sunayen waɗanda suka je, da hanyar da aka bi, da ainihin lokacin da ta ci idan aka kwatanta da wanda aka ƙiyasta, da inda aka sami ruwa, da abin da ya lalace. A rubuta kurakurai da haɗurran da aka tsallake da ƙyar ba tare da neman mai laifi ba, domin idan rubutawa na jawo tsangwama kowa zai ɓoye. Layi ɗaya da ke cewa rafin da ke bayan tsauni ya ƙafe a watan kaza, ko gadar katako ta karye a bi ta sama, zai ceci ayarin da zai zo bayan shekara biyar. A bar wa raha wuri a ciki, da zane-zane da ƙorafin wanda aka bar wa wankin tukunya, saboda waɗannan ne ke sa sababbi su buɗe shi su karanta. A riƙe na takarda mai kauri a ɗakin kaya, a kuma ajiye kwafinsa a intanet ƙarƙashin adireshin imel na ƙungiya. Ƙungiyoyi da yawa sun yi asarar hotuna da taswirorin shekaru saboda suna cikin asusun wani da ya kammala ya sauya lamba.

Ɗakin kaya da asusu ba sa bukatar dogon bayani, sai dai tsanani. Kowane tanti da jaka a sa masa lamba, mai aro ya sa hannu, kuma ba a naɗe tanti a ajiye sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna ya ruɓe kafin zango mai zuwa. Kuɗi ya zauna a asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa sau ɗaya a zango.

Tsofaffin mambobi dukiya ce idan an san inda za a ajiye su. A riƙe sunayensu, a gayyace su tafiya ɗaya a shekara, a nemi taimakonsu wajen horo da sayen kaya masu tsada, domin da yawansu sun fara aiki kuma suna jin ƙungiyar a ransu. Amma kada a ba su ƙuri'a ko kujera, kuma su ma su kama bakinsu daga yawan cewa a zamaninmu ba haka ake yi ba. Ɗaliban da ke ciki yanzu su ne za su yanke hukunci, har da wanda tsofaffi ke ganin kuskure ne, muddin bai taɓa lafiyar mutane ba.

Zaɓe kuma a yi shi da wuri, a tsakiyar shekarar karatu, yadda sababbin shugabanni za su yi zango guda cur suna aiki alhali na da suna nan kusa ana iya tambayarsu. Kowane mai barin muƙami ya rubuta shafi ɗaya ko biyu: abin da ake yi a kowane wata, da ofishin da ake zuwa don kowace bukata, da kalmomin sirri na asusun ƙungiya, da abin da ya gwada bai yi ba. Mabuɗin ɗakin kaya da littafin tafiye-tafiye a miƙa su hannu da hannu a gaban taro. Za a sami shekarar da mambobi za su ragu zuwa huɗu ko biyar, ko saboda yajin aiki, ko annoba irin ta 2020 da ta rufe jami'o'i a duniya, ko don kawai ajin da ya shigo bai damu da daji ba. A irin wannan shekara a ajiye manyan tafiye-tafiye, a sabunta rajista da jami'a don kada sunan ya fita daga lissafi, a ci gaba da fita gajerar tafiya a ranar da aka saba, a kuma tabbatar an horar da aƙalla jagora ɗaya daga 'yan shekarar farko ko ta biyu kafin na ƙarshen gogaggun ya karɓi takardar kammalawa.